“Yanzu Ta Zama Kamar Sauran”: Shekara Ashirin na Anne de Gaulle a Gidan Iyayenta

Akwai wani hoto da aka ɗauka a bakin teku, a garin Bénodet da ke yammacin Faransa, a shekarar 1933. Wani zabgegen mutum ne zaune a kujerar shan iska, cikin baƙar kwat da malfa, kai ka ce ofis za shi. A cinyarsa ga wata yarinya 'yar shekara biyar. Ya riƙe ta, ya zuba mata ido kamar babu kowa a bakin ruwan sai ita. Mutumin shi ne Charles de Gaulle, wanda daga baya ya zama shugaban Faransa, a lokacin hafsan soja ne da ba a san shi ba a wajen bariki. Yarinyar kuwa autarsa ce, Anne, wadda aka haifa da larurar Down.

Mutanen Nijar ba sai an gabatar musu da de Gaulle ba. Shi ne mai ƙuri'ar raba-gardama ta 28 ga Satumba 1958 kan ci gaba da zama tare da Faransa, wadda Djibo Bakary da jam'iyyar Sawaba suka nemi a ce mata a'a. A zamanin mulkinsa ne kuma Faransa ta tayar da bam ɗin nukiliya a Reggane cikin Sahara a 1960, har Najeriya ta yanke hulɗa da ita a farkon 1961. Saboda haka ba waliyyi na zo tallatawa ba. Abin da ya kai ni gidansa tambaya ce: me bangaskiyar Kirista take yi wa uwa da uba ranar da suka gane jaririn da ke hannunsu ba zai zama kamar 'yan'uwansa ba? A wannan gidan an bar wasiƙu, an bar shaidu, ana iya bin sawun abin tun daga haihuwa har kabari.

An haifi Anne ranar 1 ga Janairu 1928 a Trier, wani garin Jamus da sojojin Faransa suka zauna cikinsa bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ubanta ne kwamandan wata bataliya a can. Ita ce ta uku, bayan Philippe da Élisabeth, waɗanda suka zo lafiya lau. Uwar, Yvonne, 'yar garin Calais ce, shekararta 27. Gida ne na Katolika gaba da baya: mahaifin Charles ya koyar a makarantar limaman Jesuit a Paris, ma'auratan kuma a cocin Notre-Dame na Calais aka ɗaura musu aure a Afrilun 1921.

A 1928 likita yana iya gane larurar da ido, amma ba ya iya faɗin dalilinta. Tun 1866 wani likitan Ingila, John Langdon Down, ya siffanta ta: jiki saɓuɓe, idanu masu ɗan karkata, jinkirin zama da tafiya da magana. Sunan da aka laƙaba mata a lokacin na cin mutunci ne, an danganta yaran da mutanen Mongoliya saboda siffar ido, kuma sai a 1965 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yar da shi. Inda aka rasa dalili kuwa, ba a rasa wanda za a ɗora wa laifi. Wasu su ce giya ce, wasu su ce tunjere ne a jinin iyaye, wasu su ce zuriyar ce ta lalace. Gidan da aka haifi irin wannan yaro sai ya shiga tsoron kada maganar ta bi sauran 'ya'ya har ranar neman aure. Shawarar da aka saba bai wa masu hali ita ce a kai yaron gidan ajiye masu taɓin ƙwaƙwalwa, a rufe zancen.

Wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san irin wannan iskar, sunaye ne kawai suka bambanta. A nan za ka ji an ce ɗan ruwa ne, ko an yi musanye, ko uwar ta fita da tsakar rana tana da ciki ta gamu da iska, ko kishiya ce ta yi sammu. A wasu majami'u kuma sai a ce la'ana ce ta iyaye da kakanni, a kai jaririn wurin addu'ar kwana, a yi ta tsawa a kansa. Wasu na kiran larurar galahanga, kalmar da ake jibga wa larurori da dama da ba su da haɗi da juna.

Ga abin da ke faruwa a zahiri. A cikin kowace ƙwayar halittar jikin mutum akwai wasu zaruruwa masu ɗauke da tsarin gininsa, ana ce musu kuromosom, guda 46, bibbiyu sau 23, rabi daga uwa rabi daga uba. Wani lokaci, wajen rabuwar ƙwan mace ko maniyyin namiji, zare mai lamba 21 sai ya ƙi rabuwa da ɗan'uwansa. Jaririn sai ya tashi da uku maimakon biyu, jimla 47. Shi ke nan. Tun ranar shigar ciki abin ya riga ya auku, ba abin da uwa ta ci ko ta taka ko ta gani da zai kawo shi. A kusan kashi 95 cikin ɗari ma ba gadonsa ake yi ba, ba kamar sikila ba da sai uwa da uba duk suna ɗauke da ita. Gaskiya ne yawan shekarun uwa na ƙara yiwuwar abin, amma ga Yvonne nan, ba ta ko kai talatin ba. Ana samun sa a wajen haihuwa ɗaya cikin 700 zuwa 1,000, a kowace ƙabila, kuma kusan rabin jariran suna zuwa da matsalar zuciya, abin da ya sa duba zuciyar jaririn ya fi neman wanda ya yi masa asiri gaggawa.

Duk wannan Charles da Yvonne ba su sani ba. Abin da suke da shi a hannu shi ne babi na 9 na Bisharar Yohanna, inda almajirai suka ga mutumin da aka haifa makaho suka tambayi Yesu wa ya yi zunubi, shi ko iyayensa. Yesu ya ce ba shi ba ne, ba kuma iyayensa ba, sai dai domin a ga aikin Allah a kansa. Masu wa'azi kan yi saurin tsallakawa zuwa ƙarshen babin, inda makahon ya wanke ido ya gani. To, gidan da aka yi addu'a shekara ashirin ba a ga warkarwa ba fa? Su rabin farko na amsar ne rabonsu: ba laifin kowa ba ne. A ganina wannan rabin kaɗai ya isa ya hana aure mutuwa, domin gidaje da yawa ba larurar ce ke rusa su ba, neman mai laifi ne.

Maganganu biyu aka riƙe daga bakin iyayen, kuma in ka jera su sai ka ga kamar ba gida ɗaya suka fito ba. Ta farko ta Yvonne ce, a wasiƙar da ta rubuta wa wata ƙawarta Anne tana ƙarama. Ta ce ita da Charles za su ba da komai, lafiya da dukiya da ƙarin girma a wurin aiki, in dai Anne za ta zama yarinya kamar sauran. Ta biyu ta Charles ce, a 1940, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, yana hira da limamin Katolika da ke kula da rundunarsa. Ya ce wa uba wannan babbar jarrabawa ce, amma a wurinsa yarinyar nan alheri ce kuma, ita ce farin cikinsa, tana taimakonsa ya wuce kowace faɗuwa da kowace ɗaukaka ya dubi abin da ke sama.

Masu son labarin ya yi daɗi sukan ɗauki ta biyu su bar ta farko, ko su ce ai uwar ta yi rauni ne da fari, daga baya ta kai inda mijinta yake. Ban yarda ba. Ko maganar Charles ɗin da jarrabawa ta fara kafin ta kai ga alheri. Bangaskiyarsu ba ta share baƙin cikin ba, ba ta kuma ce musu su yi kamar babu shi. Yesu da kansa a Gatsemani ya roƙa a ɗauke masa ƙoƙon, sa'an nan ya ce nufin Uba za a yi. Roƙon farko bai zama zunubi ba don na biyu ya biyo. Na faɗi haka ne domin na san yadda ake yi wa uwar irin wannan jariri a zumuntar mata. Tana buɗe baki ta ce ta gaji, sai a tare ta da “ki gode wa Allah, kyauta ce ta musamman.” Maganar ba ƙarya ba ce, amma in an yi saurin faɗinta, marfi ce ake rufe mata baki da shi. Mace ta koma gida da gajiyarta, an kuma ƙara mata da jin ita mai ƙarancin bangaskiya ce.

Inda bangaskiyar gidan de Gaulle ta fito fili ba a magana ba ne, a shawara ɗaya ce da suka yanke suka tsaya a kanta: Anne ba za ta bar gida ba. Duk inda aikin soja ya jefa su, da ita za a tafi. Da aka tura shi Bairut a 1929 tana cikin tafiyar, jaririya mai rauni a ƙasar zafi. A 1934, da albashin hafsa da bai taka kara ya karya ba, suka sayi wani gida mai suna La Boisserie a ƙauyen Colombey-les-Deux-Églises, ana biya a hankali. Cikin dalilan sayen har da Anne: gidan na da lambu mai faɗi inda za ta sha iska ba tare da idon masu kallo ba.

A nan ne mutumin ya zama wani daban. De Gaulle da abokan aikinsa suka sani mutum ne mai tsawon kusan mita biyu, mai girman kai, ba fara'a, wanda ko 'ya'yansa manya ba su saba ganin wasansa ba. Amma idan ya dawo gida da yamma, sai ya ɗora Anne a gwiwa ya yi mata waƙa, har da wata da ya ƙaga da kansa wadda kalmominta ba su da ma'ana a kowane harshe. Ya yi mata rawa, ya yi mata kwaikwayo, ya bar ta ta yi wasa da hularsa ta soja. Ita kuwa magana ba ta zauna a bakinta ba har ta rasu. Kalmar da aka ce tana fita sarai ita ce “Papa”.

Sai dai a faɗi gaskiya, waƙar yamma ba ita ce renon ba. Wanka, ciyarwa, kwanan zaune in mura ta sauka a ƙirji, koya mata taka ƙafa da ta ɗauki shekaru, duk a wuyan Yvonne suke, da wata mata mai suna Marguerite Potel da suka ɗauka don kula da yarinyar, wadda ta zauna da su har ƙarshen ran Anne. Tarihi ya riƙe hoton uba a bakin teku domin shi ne ya zama shugaban ƙasa. Kuma gida ne da ke da halin biyan mai reno da sayen lambu. Matar da ke tallan ƙosai da irin wannan yaro goye a bayanta har ya shekara huɗu ba ta da Marguerite Potel. In ikkilisiyarta ba ta zame mata ita ba, ba ta da kowa.

Yaƙi ya nuna nauyin waccan shawarar ta ƙin rabuwa da ita. A Jamus, ƙasar da aka haifi Anne, Hitler ya sa hannu a 1939 kan umarnin kashe naƙasassu da masu taɓin ƙwaƙwalwa da ke gidajen ajiya, waɗanda gwamnatinsa ke kira rayukan da ba su cancanci rayuwa ba. Kafin Agustan 1941 an hallaka kimanin 70,000. Ranar 3 ga watan ne Bishop Clemens von Galen na Münster ya hau mumbari ya kira abin da sunansa, kisan kai. A Faransa kanta ba a yi irin wannan shiri ba, amma fiye da mutum 40,000 sun mutu da yunwa a asibitocin masu taɓin hankali lokacin mamayar Jamus, domin in abinci ya yi ƙaranci su ake fara mantawa.

A watan Yunin 1940 Faransa ta faɗi. De Gaulle ya tashi daga Bordeaux zuwa Landan ranar 17, washegari ya yi jawabinsa a BBC yana kiran Faransawa kada su miƙa wuya. A daidai wannan ranar Yvonne na can tashar jiragen ruwa ta Brest da 'ya'ya uku da Marguerite Potel, sojojin Jamus na tafe, kowa na neman jirgin da zai tsere. Ka ƙiyasta shiga wannan turmutsitsin da yarinya 'yar shekara 12 da ba ta iya sauri, ba ta kuma fahimci me ya sa aka fitar da ita daga inda ta saba ba. Suka samu jirgi, suka sauka Falmouth ranar 19. A watan Agusta kotun sojan gwamnatin Vichy, gwamnatin Faransa da ta miƙa wuya ga Jamus, ta yanke wa mijin hukuncin kisa a bayan idonsa. Da jiragen Jamus suka fara ruwan bama-bamai a Landan, ƙarar na firgita Anne, sai aka kwashe iyalin zuwa karkarar Shropshire, nesa da inda uban ke aiki. A 1943 kuma aka sake ɗaura kaya zuwa Aljeriya. Ko'ina da ita.

Bayan yaƙi de Gaulle ya shugabanci gwamnatin riƙo, ya yi murabus ranar 20 ga Janairu 1946, iyalin suka koma Colombey bayan an gyara gidan da yaƙi ya lalata. A can ne sanyin hunturu ya kama huhun Anne. Ciwon huhu na daga cikin abin da ya fi kashe masu wannan larura, balle a zamanin. Ta rasu ranar 6 ga Fabrairu 1948, wata guda da cikarta shekara 20, a hannun ubanta. Ya rubuta wa yayarta Élisabeth cewa ranta ya sami 'yanci, amma rashin wannan 'yar tasu mai shan wuya ya yi musu ciwo ƙwarai.

A maƙabartar cocin ƙauyen, da aka gama binne ta, ya kama hannun matarsa ya ce: “Zo. Yanzu ta zama kamar sauran.”

Na daɗe ina juya wannan magana. A fuska ɗaya, amsa ce ga wasiƙar da Yvonne ta rubuta Anne tana ƙarama. Abin da ta ce za ta ba da komai don ta samu, mijinta yana gaya mata an ba 'yar yanzu, a wurin Allah. Wannan tsantsar begen Kirista ne na tashin matattu, cewa jikin da aka shuka da rauni za a tashe shi da iko, kamar yadda Bulus ya rubuta wa Korintiyawa. A ɗaya fuskar kuma, iyaye da yawa na yau, da su kansu masu larurar, ba za su ji daɗinta ba. Za su ce: sai ta mutu za ta zama kamar sauran? Ashe da ba kamar sauran take ba? Suna da hujja. Koyarwar cocin da ya yi mata baftisma ita ce tun daga farko cikin siffar Allah aka yi ta, ba ragi. Kuma abin da muka sani yau ya sauya lissafi: inda ake yi wa jariran aikin zuciya da wuri, ake duba maƙoshinsu da jinsu da ganinsu, ake sa su makaranta, masu larurar Down na kaiwa wajen shekara 60, wasu na karatu, suna aiki. Ni dai ba zan kama mutum da kalmar da ya faɗa a bakin kabarin 'yarsa ba. Shekara ashirin da ya yi yana zama da ita a tebur ɗaya sun riga sun faɗi matsayinta a wurinsa. Amma ba maganar da zan so fasto ya maimaita wa uwar jariri mai rai ba ce.

Tun Anne na da rai iyayen suka fara tunanin 'yan matan da ba su da irin gatanta. A 1945 aka kafa gidauniya da sunanta, aka sayi wani babban gida mai suna Vert-Cœur a Milon-la-Chapelle, kusa da Paris, don 'yan mata masu naƙasar ƙwaƙwalwa da iyayensu ba su da hali, aka damƙa kula da su ga sistocin Katolika. Wani zai ce da mamaki: mutanen da suka ƙi kai 'yarsu gidan ajiya su ne suka gina wa 'ya'yan wasu. Amma tambayar da ke hana iyayen irin waɗannan yara barci ita ce wa zai riƙe su in mun mutu, kuma Yvonne ta san ta. Kuɗin da littattafan tarihin yaƙi na de Gaulle suka kawo, kaso mai yawa can ya tafi. Ma'ajin gidauniyar na wani lokaci shi ne Georges Pompidou, wanda daga baya ya gaje shi a shugabancin ƙasa. Har yau tana aiki.

Ana yawan ba da labarin harin Petit-Clamart, kusa da Paris, na 22 ga Agusta 1962, lokacin da masu adawa da 'yancin Aljeriya suka buɗe wa motarsa wuta, cewa firam ɗin hoton Anne da ke cikin motar ya tare harsashi. Mutane na son wannan labari domin yana mai da yarinyar laya. Ni wani daidaituwar ya fi tsaya mini a rai. Ranar 8 ga Janairu 1959 de Gaulle ya hau kujerar shugaban ƙasa. A cikin watan nan, a birnin nan na Paris, likitoci uku, Jérôme Lejeune da Marthe Gautier da Raymond Turpin, suka sanar cewa sun ƙirga zare 47 a ƙwayoyin halittar yara masu larurar Down. Gautier ce ta rena ƙwayoyin da aka yi binciken a kansu, kuma ta daɗe tana ƙorafin an danne rabonta na yabo. Shekara 31 bayan haihuwar Anne, 11 bayan rasuwarta, kimiyya ta tabbatar wa Yvonne ba abin da ta yi. Lejeune, wanda shi ma Katolika ne na gaske, ya ƙare rayuwarsa yana yaƙi da amfani da binciken wajen gano irin waɗannan jarirai a ciki don a zubar da su.

De Gaulle ya rubuta wasiyyarsa tun ranar 16 ga Janairu 1952. Ya ce ba ya son jana'izar ƙasa, ba shugaba, ba ministoci, ba jawabi a coci, kuma kada a rubuta komai a kan dutsen sai sunansa da shekarun haihuwa da mutuwa. Ya ce kabarinsa shi ne wanda 'yarsa Anne ke kwance a ciki, inda wata rana matarsa ma za ta kwanta. Ya rasu ranar 9 ga Nuwamba 1970. Ranar 12, yayin da shugabannin duniya suka taru a Notre-Dame ta Paris, samarin Colombey ne suka ɗauki akwatinsa zuwa maƙabartar ƙauyen. Yvonne ta bi su a Nuwamban 1979.